Asabar a Bakin Kwari

Ni ne mai shagon ruwan leda a kwanar Bolari.
Shekara tara ina miƙa sanyi, ina karɓar canji,
ban taɓa tambayar inda leda ke kwana ba
bayan an tsotse ta an yar.

Sai daminar bara.
Ruwa ya kwana yana dukan kwano,
kafin asuba kwari ya matso taku uku,
ya haɗiye bayan gidan Inna Dudu
har da turken akuya da zogalen da take miya.
Muka tsaya a gaɓa, hannu a haɓa,
kowa na cewa gwamnati, gwamnati,
kamar sunan ɗan da ya tafi ci-rani bai aiko ba.

Yila ne ya fara, malamin firamare.
Ya zo ran Asabar da shebur
da baro mai karkatacciyar ƙafa.
Bai yi wa kowa wa'azi ba,
ya naɗe wando ya faɗa kwata.
Bappayo mai faci ya bi shi don kunya,
ni na bi Bappayo don kada a ce.

Abin da muka tono, Allah kaɗai ya san adadi:
silifa wari guda, katifar da ta ga duniya,
kan 'yartsana, yagaggen gidan sauro,
sai leda, leda, leda,
ƙasa ta haɗiya ta kasa narkarwa.
Na ɗaga ɗaya a rana.
Shuɗin tambari, hoton ɗigon ruwa,
irin wadda ake sauke mini duk Litinin.
Ban ce uffan ba. Na cusa ta aljihu,
tana jiƙa mini cinya har azahar.

Yanzu mu sha bakwai ne, in babu biki a unguwa.
Mun jera buhunan yashi,
mun dasa jema, don saiwarta in ta kama ba ta saki,
da darbejiya arba'in.
Awaki sun ci sha ɗaya.
Wata kuma wani ya tuge ta ya yi asuwaki.
Ba mu ja masa Allah ya isa ba, amma saura ƙiris.

Matan layinmu sun wanke ledar sun shanya,
Saratu na saƙa jaka da ita, har an fara yi mata ciniki.
Yaran Yila suka yi wasa a filin makaranta:
ɗaya ya sha leda tun daga ka har ƙafa,
wai shi ne Dodon Kwata,
yana bin jama'a yana cewa, ku kuka haife ni!
Inna Dudu ta yi dariya har ɗankwali ya zame.
Ni ma na dara,
sai dai dodon ya daɗe a gabana
fiye da gaban kowa.
Ɗan ƙanwata ne. Ya san shagon.

Ba zan ce kwari ya tuba ba.
Yana nan, baki buɗe, yana jiran Agusta.
Amma bana taku ɗaya ya yi,
ya ci karo da jema, ya tsaya yana shawara.

Na rataye buhu a ƙofar shago.
In ka sha, jefa nan.
Wasu su jefa, wasu su dube ni kamar na taɓu.
Gab da magariba nakan zari leda biyu daga riba
in gangara wajen tawa darbejiyar,
ta bakwai daga kwalbati,
wadda na killace da tsohuwar taya da ƙaya.
In huda da haƙori, in tsiyaya mata a hankali.
Ta kawo mini gwiwa yanzu.
Wataƙila ba ni zan sha inuwarta ba.
Na kan naɗe ledar, in sa aljihu,
in hauro kafin a tada salla.