Shiftar Dare a Tartu

Ƙarfe biyun dare.
Kertu ta rufe ƙofar rubutu,
tana jiran rata ta sauko sifili.

Shekara shida rumbun Tallinn ke shifta,
na Tartu yana kwafa, layi bayan layi,
bai taɓa cewa uffan ba.

Priidik ya turo saƙo:
"Ma'ƙirgar lamba fa?
Ita ba ta bin sahu, sai an ɗaga ta da hannu."
Ta manta. Ta gyara.
Shayinta ya huce.

Ta buɗe ƙofa.
Wata mata ta sayi tikitin jirgin ruwa,
layin farko ya tashi daga Tartu,

tsohon malami, can a Tallinn,
ya gyara zama,
ya rubuta abin da ɗalibinsa ya ce.