Daƙiƙa Huɗu

A wani ɗaki ƙarƙashin bene a Porto,
inda aka manna kwalayen ƙwai a bango don su sha amo,
Dona Ermelinda ta rera waƙar sau ɗaya tak.
Shekara tamanin da ɗaya, huhu guda da rabi.
Ta ce, "Ba na maimaitawa, Telmo,"
ta ja mayafinta, ta shige cikin ruwan sama.

Kafin ya danna ajiya, allon ya daskare.
Kibiyar linzami ta tsaya cak
kamar ƙudan da ya faɗa zuma.
Sai duhu.

Telmo bai yi ihu ba.
Ya zuba kofi, ya manta da shi.
Wanda geronsa ya zube ba ya shara da gaggawa.

Ya sake kunna injin, ya bi ta ƙofar baya,
can inda manhaja ke ɓoye tarkacenta:
guntaye sittin da uku,
ba suna, sai lambobi,
kowanne bai fi numfashi ɗaya ba.

Har asuba yana jera su bisa lokacin haihuwarsu.
Ga tarinta. Ga kukan kujera.
Ga jirgin ƙasa yana ƙetare kogin Douro
a bayan baiti na biyu.

Guntu ɗaya ne ya ƙi dawowa,
daƙiƙa huɗu,
daidai inda ta kira sunan mijinta
da teku ta riƙe.

Ya daɗe yana duban giɓin.
Bai cike shi ba.