Shambo Uku da Rabi

Likita ya ce wa Baba:
Malam, kai da tsidugu sai dai hange.
Baba ya dubi takardar, ya dube ni,
kamar an ce ya daina gaisawa
da abokinsa na shekara sittin.

Mako biyu ina yi masa miya da tattasai zalla.
Ja wur, kyakkyawa, ba ta cewa komai.
Ya kai loma biyu, ya jawo butar wanke hannu,
ya ce, Hansai,
wagga miya ce ko zaman makoki?

Na yafa gyale na nufi 'Yar Kutungu.
Barmo mai kayan miya ya saurare ni har ƙarshe,
sannan ya zura hannu cikin buhun da ke bayansa.
Suka fito suna kacau-kacau,
dogaye, sun yamutse,
ja mai duhu irin na fatar da ta sha jima.
Shambo ne, in ji shi, na bakin ruwan Jibiya,
kwana tara ya yi kwance a rana.
Ba ya zagi, ba ya fadanci.
Zai faɗi gaskiya ya wuce abinsa.

A gida na tsinke musu hanci,
na tsaga cikinsu da farce,
'ya'yan suka zubo a faifai kamar canjin da ba a so.
Na jiƙa su a ruwan ɗumi
har suka saki jiki, suka tuna da danyantakarsu,
ruwan ya koma kalar magariba.

Uku na jefa a turmi.
Na ɗauki na huɗu, na tuna likita,
na tuna fuskar Baba,
na karya shi biyu.

Albasa ta bi su, daddawa ta bi albasa.
Taɓarya ta sauka,
atishawa ta tashi daga bayan katanga:
Dela ce, tana tambaya wa ya rasa tausayi da hantsin nan.
Man gyaɗa ya yi zafi, na juye.
Cuuu!
Ƙamshi ya bi zaure ya fita,
ya tsaya a bakin titin Ƙofar Marusa yana kiran mutane.
Na tsaida ruwa, na kaɗa kuka a hankali
don kada ta yi gudaji ta ba ni kunya.

Baba ya gutsuri tuwon gero, ya dangwala.
Shiru.
Ya sake.
Wani ɗan gumi ya tsattsafo a kan karan hancinsa,
ɗaya tak, bai kawo 'yan rakiya ba.
Ya ce, wanga ya san girman manya,
ya gaishe ni, bai ci kwalata ba.
Ya suɗe akushi har ina jin ƙarar yatsa a kan itace.

Da dare cikin bai yi ƙara ba.
Na kasa kunne har kiran assalatu.

Sai ran wanki na gano sauran zancen:
a aljihun farar rigarsa,
ƙulle cikin ƙyalle,
tsidugu ɗaya, ƙanƙane, jajir.
Ba ci yake ba. Shinshinawa yake.
Na shanya rigar,
na mayar masa da abokinsa inda na same shi.