Abin da Hayaƙi Ya Bari

Wutar ba ta kai awa ɗaya ba.
Maƙwabta sun kashe ta da ƙasar tsakar gida,
da ruwan randa,
da jarkokin da Attahiru ya ɗebo a guje daga bakin Nilu.
Rumfar girki ta tafi. Ɗakuna biyu sun tsira.
Aka ce an auna arziki, Allah ya kiyaye gaba,
kowa ya kakkaɓe rigarsa ya koma gida.

Ba wanda ya gaya mini
hayaƙi ba ya bin uwarsa in ta tafi.

Yau kwana tara.
Da ruwa na fara, nan na yi kuskure:
baƙin ya narke, ya gangaro jikin bango
kamar kwalli a fuskar mai kuka,
ya sami wuri cikin farar ƙasa ya zauna.
Batulu ta leƙo ta saman danga ta ce,
a bushe ake fara shi, 'yar uwa,
tsintsiyar laushi, daga rufi zuwa ƙasa,
ruwa sai daga baya,
da sabulu da lemon tsami.

Na fitar da gadaje rana,
na bi igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori.
Na dirje kaskon kisira har ya ba ni fuskata.
Butar gahawa na wanke sau huɗu,
amma da safe, kurɓin farko,
sai ga daren nan a harshena.
Yana cikin sukari.
Yana cikin matashin kai.
Yana cikin littattafan makarantar Zahra'u,
tsakanin shafin lissafi da taswirar Sudan.
Ƙasan farcena ya yi baƙi,
alwala biyar a yini ba ta fitar da shi.

Da na sauke agogon bango,
wanda ƙanena ya aiko daga Jidda,
sai na ga farin da'ira a bayansa,
tas, kamar wata daren sha huɗu.
Ashe haka ɗakin yake a da.
Na daɗe a tsaye da tsumma a hannu.

Akwatin ƙarfen na bari ƙarshe.
Na kakana ne, wanda ya taso daga Haɗeja da ƙafa,
ya nufi Makka,
Mai Wurno ta riƙe shi har ya zama ƙasarta.
A ciki mayafin Inna yake, shuɗin nan,
shekara shida ban bari ruwa ya taɓa shi ba,
don in na sa hanci a ninkinsa
ina samun ta:
sandal, da humra, da hayaƙin itacen ɗalhi
da take zama a kansa daren Alhamis.

Mu fa da kuɗi muke sayen hayaƙi.
Mu haƙa masa rami, mu lulluɓa da bargo,
mu roƙe shi ya shiga fata ya kwana.

Na buɗe.
Ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya fara gaishe ni,
da ciyawar rufi, da wayar lantarki.
Na ƙara nutsa fuska.
Can ƙasa, can,
kamar mai magana daga ɗaki na uku,
tana nan.

Batulu ta ce in jiƙa shi da kanwa ya kwana,
gobe ba zan ji komai ba.
Gaskiya ta faɗa.
Sabulu bai san hayaƙin da aka gayyata
da wanda ya fasa ƙofa ba.

Gobe Attahiru zai kwaɓa farar ƙasa,
mu shafe bango sau biyu,
watan nan na bayan agogo ya ɓace cikin 'yan uwansa.
Labule an wanke. Tabarmi an sayo sabbi.

Mayafin na shanya a igiyar ciki,
inda rana ba ta kaiwa, iska kaɗai.
Ban wanke ba.
Kullum da magariba nakan je in shinshina,
in ji wanne daga cikinsu ya fara gajiya.