Sunayen Baƙon Fitila

Ruwan farko ya sauka ran Laraba,
ƙasar Rafindaɗi ta yi ƙamshi.
Bayan isha'i sai ga shi:
ƙwas a jikin langa-langa,
ƙwas a ƙwan fitila,
sannan tim, cikin miyar kukata.

Ƙato, launin ƙasa-ƙasa,
baya na sheƙi kamar ƙwallon dabinon da aka tsotse,
ƙafafu shida, duk ƙaya.

Gwaggo Tambai ta ce buzuzu ne,
ko kai ba ta ɗaga daga tsintar wake ba.
Lawandi mai shayi ya ce ina,
buzuzu baƙi ne, sana'arsa gungura kashi,
wannan bugi-fitila ne,
kullum sai ya tsamo uku daga cikin madara.
Mu yara, jirgi muka sani.
Zare a ƙafa, mu sake shi,
ya yi ta kewaya kanmu yana gurnani
har zaren ya tsinke
ko ƙafar ta cire.
Allah ya yafe mana.

Yaya Ƙasimu ya dawo daga makarantar gona
da wani suna mai tsawon igiyar guga.
Ya faɗa sau biyu, harshe ya harɗe,
Gwaggo ta miƙa mashi ruwa.

Baba kaɗai bai sa baki ba.
Da safe ya kai ni juji da fartanya,
ya tono wani abu fari, mai taushi,
a lanƙwashe kamar yatsan jariri.
Ya ce, "Gwazarma. Shi ne na jiya.
Wata da watanni yana ƙasa cikin duhu,
yana cin taki, yana cin saiwar gyaɗata.
Fiffiken na 'yan kwanaki ne.
In ka ga yana karo da haske
kada ka yi dariya. Bai saba ba."

Yau shekara bakwai Baba na ƙasa.
Gwaggo ta riga shi.
Teburin Lawandi ya zama shagon cajin waya.

Daren jiya ɗaya ya faɗo kan siminti,
rigingine, yana harbin iska.
Barira ta ɓuya bayan ƙafata:
"Abba, mene ne sunansa?"

Sunaye suka cika mani baki,
kowane da muryar mai shi.
Na zaro tsinken tsintsiya na ba ta,
na ce, fara juya shi tukuna.