Kunne Ɗaya

Tun watan Mayu kunnen hagu na iyafis ɗina ya mutu,
sai nake jin kowace waƙa rabi da rabi:
dama, jita da ganga,
hagu, Valparaíso.
Kukan tsuntsayen teku,
mai sayar da gas yana dukan tulunsa da guntun ƙarfe,
nishin tsohon akwatin katakon da ke jan mu zuwa kan tudu.
Ximena ta ce in sayi sabo.
Na ce bari tukuna,
ban ga makaɗin da ya iya haɗa sauti
kamar yadda lalacewar nan ta haɗa ba.

Da yamma ina yagar tikiti a silimar Don Evaristo.
Kujeru tamanin, goma sha ɗaya sun karye.
Ban taɓa ganin farkon fim ba.
Kafin in ƙirga canji in ja ƙofa,
an riga an haɗu, ko an riga an yi kisan,
sai in lallaɓa cikin duhu
in tarar da mutane suna share hawaye
kan abin da ban san tushensa ba.
Ni ma in taya su.
Da na yi ƙorafi, tsohon ya ce,
“Yaro, haka kowa ya shigo duniya. Wa aka jira?”
Ya miƙo min tsintsiya.

Ran Lahadi na sayi littafi a shimfiɗar 'yan gwanjo,
bango ya tafi, shafin ƙarshe ya bi shi.
A shafi na ɗari da tara
na tsinci tikitin jirgin ƙasa zuwa kudu,
ya yi ja don tsufa, ba a huda shi ba.
Wani ya biya kuɗi, bai je ba.
Ruwa aka yi?
Uwarsa ce ta kwanta?
Ko labarin ne ya riƙe shi a benci
har jirgin ya yi kuka ya wuce?
Wannan na zaɓa.
Kwana uku ban juya shafi ba,
tikitin nake karantawa.

Akwai gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona,
na rubuta masa: tafiya.
Sau biyu ina buɗe shi kafin lokaci,
na farko takalmi, na biyu haƙori.
Daga tagata ina ganin jiragen dakon kaya,
da sunayen garuruwa a bayansu
waɗanda harshena ke tuntuɓe a kai.
Nahuel ya tafi bara,
yana wanke kwanuka a wani gari mai ƙanƙara
inda rana ke faɗuwa tun ƙarfe uku.
Shekaranjiya ya turo murya, ba ko gaisuwa:
“Ɗauko min ƙarar mai gas ɗin nan.”
Na yi dariya har na zauna a matakala.
An ce gani ya kori ji,
ga wanda ya je ya gani yana barar ji.
Da sassafe na fita na ɗauko masa,
minti biyu cur,
har da haushin karen maƙwabta.

Daren jiya, bayan an tashi daga fim,
muka zauna a katangar da ke kallon tashar ruwa.
Ximena ta ce, “Sammin waƙa.”
Na ba ta kunnen da ke aiki,
na saƙa matacce a nawa.
Tana kaɗa kai, tana buga ƙafa,
ni kuwa iska nake ji,
da wata mata can ƙasa tana kiran ɗanta,
da wani jirgi yana sallama da babbar murya.
Ta taɓa ni da gwiwar hannu:
“Ka ji wurin nan?”
Na ce na ji.