Bashin Daji

Daren jiya iska ta kayar da kirya
a bayan gonar Jauro Manu, yamma da Dukku.
Kafin masu gawayi su ji labari
na riga su, da gatari da gizago a kafaɗa.

Bappa Jibir, wanda ya fara damƙa min gizago,
bai taɓa saran itace a tsaye ba.
Yakan ce, "Mai ganye yana bakin aikinsa,
ka jira sai ya ajiye."
Dariya muke masa a lokacin,
don daji ya yi duhu har rana ba ta taɓa ƙasa.

Na ƙwanƙwasa gindin, na kasa kunne.
Ba kogo, ba gara.
Turmi biyu na kwance a ciki suna jirana.
Babban reshe taɓarya ne,
na kusa da shi ƙotar fartanya,
karkataccen nan kuwa muciya zai zama,
tuwo bai damu da miƙewarta ba.
Ɓarɓashi na murhun Dija ne.

Kwana tara ina rarake ciki.
Kirya ba ta da sauƙin kai:
sau uku tana cinye min kaifi,
ta biya ni da kanta a tafin hannu.

Ran kasuwa wata tsohuwa daga Malala
ta kwance tsumma, sai ga akushi baƙi wuluk.
"Bappanka ya sassaƙa shi
shekarar da na haifi ɗan fari.
Yau ɗan nan furfura gare shi.
Bakin ne kawai ya ɗan tsage."
Gefenmu mai robobi na ta kiran ciniki.
Ta harare shi: "Bakwai na saya, rana ta cinye su."
Na ɗinke tsagar da waya, na shafe da man kaɗe.
Ta miƙo kuɗi, na ƙi.
Wa ke karɓar lada don ya gaisa da hannun Bappa?

Da la'asar na bi sawun shanu
ina tsintar 'ya'yan kirya a kashinsu,
waɗanda suka ratsa cikin saniya sun fi saurin tsiro.
Na binne biyar kusa da kututture,
na kewaye su da ƙaya saboda awaki.

Ba ni zan sassaƙa su ba.
Ɗana Hammadi ma da wuya.
Amma akwai wadda ko uwarta ba a haifa ba,
wata safiya za ta tashi da gero a ƙwarya
tana neman inda za ta daka.